Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Tawa: A Bar Mu Mu Ji Zaman Da Ake Yi A Kanmu

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Tawa.

Kwafi zuwa ga Ministan Sadarwa, da shugaban gidan rediyo da talabijin na ƙasa, da shugabannin gundumomin Konni, Malbaza da Illela.



 Ina miƙa gaisuwa ta hannunka ga iyayen ƙasa, Sarkin Konni da Sarkin Adar na Illela da Sarkin Dogarawa, da sarakunan Fulani da na Abzinawa, da malamai da masu gari. Allah ya jiƙan dakarunmu da suka kwanta dama a bakin daga, ya tsare waɗanda ke tsaye, ya ba ka ikon sauke amanar da ke wuyanka.

Mai wannan wasiƙa tsohon malamin makaranta ne, ɗan ƙasar Konni, wanda ya ajiye alli ya koma noman albasa. Ba ni da jam'iyya, ba na neman kujera, ba ni da wata kwangila da nake bi. Na so a ce maganar nan ta iso gare ka ta hanyar da muka saba, daga mai gari zuwa kansila, daga kansila zuwa magajin gari, har ta kai sama. Sai dai hanyar ba ta nan yanzu. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ba mu da ɗan majalisar dokoki. A watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, aka naɗa kantomomi a madadin magadan gari. Ban zo yin gardama a kan wannan hukunci ba, masu mulki sun faɗi dalilansu. Abin da ya biyo baya nake son ka duba. A da, komai lalacewar kansila, ɗan garinmu ne. Za a gamu da shi wurin suna ko jana'iza a tare shi da tambaya, kuma dole ya ce wani abu. Yau wanda ke zaune a ɗakin shawara daga sama aka turo shi, can kuma yake kai rahotonsa. Ni da wasu dattawa mun kai maganar nan ofisoshin da ke kusa da mu, da baki da kuma a rubuce. An karɓe mu da mutunci, an ba mu kujera da ruwa, amma amsar guda ce: abin ya fi ƙarfinmu, sai daga sama. A jihar nan kuwa kai ne sama.

Buƙatarmu ɗaya ce, ranka shi daɗe. Duk zaman da hukuma ke yi a kan kuɗinmu da gonakinmu da ruwanmu da abincinmu, a watsa shi yadda yake, daga addu'ar buɗewa zuwa ta rufewa, a rediyo da talabijin, cikin harshen da muke ji. Ga dalilanmu ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, abin da ake nuna mana da sunan labarin taron hukuma bai kai labari ba. Ka zo wurin mai shayi a bakin tasha bayan isha'i, inda aka ɗora talabijin a kan tebur, faifan sola na rufin rumfa ya cika batir tun da rana. Mutane sun yi cincirindo, ƴan kabu-kabu sun jingine babura, an ce yau za a nuna taron da aka yi a gundumarmu. Sai ga jerin motoci cikin ƙura. Sai ga manya suna gaisawa. A yi fatiha, a yi taken ƙasa, babban baƙo ya miƙe ya karanta layi uku daga takardarsa, muryar ɗan jarida ta rufe sauran. A nuno masu tafi, a nuno hoton da aka ɗauka a bakin ƙofa, a rufe da cewa an tattauna muhimman batutuwa da suka shafi ci gaban al'umma. Minti biyu, an wuce wani labari. Nan take wani tsoho zai juyo ya ce, "To, me aka yanke?" Babu mai amsa, domin duk wanda ke wurin abin da tsohon ya gani shi ya gani.

Wuni guda aka yi a ɗakin taron. An kawo alƙaluma, wani ya ce bai yarda ba, wani shugaban ma'aikata ya kasa bayanin inda aikinsa ya tsaya, wani sarki ya yi magana a madadin talakawansa. Duk wannan shi ne taron, kuma shi ne aka yanke aka zubar. Mu mutanen albasa ne. A Galmi ko Tsarnawa babu ɗan kasuwar da zai biya kuɗin buhu don ya ga manyan ƙwallaye a bakinsa, sai an zazzage ya ga na tsakiya da na ƙasa. Shekara da shekaru bakin buhu ake nuna mana, ana cewa mu yarda da sauran. Ban ɗora wa ƴan jarida laifi ba. Da yawansu ƴaƴanmu ne, wasu ma mu muka koya musu baƙi. Bayan jawabin buɗewa akan ce musu su ba da wuri, su naɗe waya su fita.

Na biyu, harshe. Kundin sake gina ƙasa da shugaban ƙasa Janar Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu ranar 26 ga Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Mun yi murna, har da mu da muka ci abinci da koyar da Faransanci. Amma talaka zai gane an yi wannan doka ne ranar da ya ji kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsa da Hausa, ba kafin nan ba. Abin mamaki, a gundumomin nan uku kusan duk wanda ke cikin ɗakin taro yana jin Hausa. Da ita ake gaisawa a bakin ƙofa, da ita ake raha lokacin cin abinci. Da an zauna an buɗe takardu sai a koma harshen da mafi yawan mutanen ƙasar nan ba su karanta shi ba su ji. In an ga dama a liƙa kasafin a allon sanarwa. Na sha ganin magidanci tsaye gaban irin wannan allo, ya kamo ɗan makaranta ya ce ya karanta masa. Yaron ya yi ta haɗa baƙi, ya iso kan layukan alƙaluma masu sifili shida da bakwai ya tsaya. Uban da ke lissafin duniyarsa da dala da jikka ya gyaɗa kai ya yi gaba. A takarda an sanar da jama'a, amma babu wanda ya sani. Ina kuma tuna maka da ƴan'uwanmu Fulani da Abzinawan Tajaye da kewaye, waɗanda su ma suna da hakkin a taƙaita musu da Fulatanci da Tamajak.

Na uku, kuɗi. Mu masu biya ne, ranka shi daɗe. Mai gari yana bi gida gida yana karɓar haraji. Ranar Laraba a kasuwar Konni, ranar Alhamis a kasuwar Badagishiri, ba a sayar da akuya ko a kasa tumatir sai an yanki tikiti. Kowace mota da ta yi lodin albasa za ta nufi Abijan ko Akara ko Kwatano ta bar wani abu a baya. Bayan an kafa asusun ceton ƙasa a watan Oktoban 2023 aka fara cirar dala biyu a kiran waya, kuma mun bayar da zuciya ɗaya, wasu ma sun ƙara da hatsi da dabbobi. Duk mai mitar wuta a gidansa, cikin takardar kuɗin wutar akwai kason gidan rediyo da talabijin na ƙasa. Ke nan kyamarar da ake fitarwa daga ɗakin taro da guminmu aka saye ta.

Ƙasar nan kuma ba matalauciya ba ce. Tun shekarun 1960 ake yin siminti a Malbaza, yanzu ga wani kamfanin a Badagishiri, manyan motoci na fita da shi dare da rana. A Malbaza aka buɗe tashar wutar hasken rana mai megawat 7 a 2018. Ga kan iyakar Konni da Illelar Najeriya, ɗaya daga cikin manyan ƙofofin cinikin ƙasar nan. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin jihar da aka haƙo su. Tambayoyin da mutane ke yi a majalisun hira ba masu wuya ba ne. Nawa ƙaramar hukumar Malbaza ta tara bara? Nawa ya shigo mata ta dalilin dutsen da ake haƙa a ƙasarta? Nawa aka ce za a kashe a azuzuwa da rijiyoyi da ɗakin haihuwa a Bazaga ko Allela, nawa aka kashe? Wa ya ci kwangilar, a kan nawa, su wa suka nema tare da shi? Ban ce wani ya ci ko dala ɗaya ba. Cewa na yi ba a gaya mana ba, kuma inda aka yi shiru zato ke shiga. Kantoman kirki shi ya fi kowa cutuwa da wannan shiru, domin ana yi masa kuɗin goro da wanda ba na kirki ba.

Na huɗu, kuma wanda ya fi tayar mini da hankali, zaman da ya shafi gona da kiwo da ruwa. Dokar kiwo ta 2010 ta ɗora wa gwamna tsayar da ranar sakin gonaki, bayan an ji ta bakin hukumomin filaye da ƙungiyoyin manoma da na makiyaya, ta kuma ce a baza labarin ranar ko'ina. Ranar takan fito a sanarwa. Abin da ba ya fitowa shi ne yadda aka kai ga ranar. Manomin da dawarsa ba ta nuna ba a fadamar Magiya bai ji ko wani ya ambaci fadamarsa ba. Bafulatanin da ya gangaro daga arewa, tafkuna sun ƙafe a bayansa, bai ji dalilin da ya sa aka ce ya ƙara haƙurin mako biyu ba. Kowannensu yana ganin da ɗaya aka haɗa baki. Da a ce su biyun sun saurari zaman, sun ji wakilin manoma ya kawo hujjarsa, arɗo ya kawo tasa, ma'aikacin gona ya faɗi ƙauyukan da ba su gama girbi ba, aka ja aka sassauta har aka tsaya a rana guda, da wanda bai ji daɗi ba ma ya san an yi da shi. Ba mu manta da Bangi ta gundumar Madawa ba, maƙwabtanmu, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci aƙalla mutum 18 a watan Nuwamban 2016, har da mata da yara. Awa uku na rediyo sun fi wannan arha nesa ba kusa ba.

Haka batun ruwan noman rani. Filin noman Konni mai hekta 2,452, wanda aka sake gyarawa da tallafin Amurka, da ruwan madatsun Mozage da Zango yake rayuwa. Yawan abin da damina ta tara shi ke yanke hekta nawa za a noma da rani. Wannan lissafi ne da dubban gidaje ke rataye da shi. Mutum ya ci bashi ya sayi iri, ya yi raino, ya tanadi taki, sai dab da dashe ya ji a bakin maƙwabci cewa ruwa ba zai kai ɓangarensu ba bana. Haka rabon hatsi mai rahusa lokacin bazara, haka taimakon waɗanda ambaliyar 2024 ta rushe wa gidaje. Tan nawa aka turo gunduma, ƙauye nawa, bisa wane ma'auni aka zaɓe su? Kwamitoci ne ke zama su yanke, kuma babu sirrin ƙasa ko ɗaya a ciki.

Na biyar, jita-jita. A watan Yunin 2024 aka gyara dokar laifukan intanet, aka maido da hukuncin ɗauri ga mai ɓata suna ko yaɗa abin da zai ta da hankalin jama'a. An dakatar da RFI da France 24 tun watan Agustan 2023, an dakatar da BBC a watan Disamban 2024. Hukuma ta ce tana yaƙi da ƙarya ne. To, ranka shi daɗe, wanda ya hana mutane shan gurɓataccen labari, wajibinsa ne ya kawo musu mai kyau, kuma ya wadata. Yau saƙon murya na WhatsApp, wanda ba a san mai shi ba, yana tashi daga Konni da hantsi ya kwana a Tajaye. Sanarwar ƙaryatawa ba ta cim masa. Abin da ke kashe shi shi ne mutum ya ce, "Ƙarya ne, ni da kunnena na ji zaman." Mu da ke bakin iyaka muna kama tashoshin Sakkwato garau. Akwai dattijon da zai ba ka labarin abin da ake ciki a siyasar Sakkwato dalla-dalla, amma ka tambaye shi kasafin ƙaramar hukumar da yake biya wa haraji, sai ya daga kafaɗa. Wannan bai dace da ƙasar da ke maganar ƴancin kanta safe da yamma ba.

Mai girma Gwamna, abin da muke roƙo ba baƙo ba ne a Nijar. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo, inda mutanen ƙauye kan taru su saurari shiri, su tattauna, a naɗi muryarsu a mayar gidan rediyo ƙasa ta ji. A 1964 aka fara gwajin koyarwa ta talabijin a makarantunmu, tun ƙasashe da yawa na Afirka ba su da tasha. Zamanin Janar Seyni Kountché, wanda soja ne kamarka, ana nuna tarukan manyan ma'aikata a talabijin, a ga shugaba na yi wa darakta tambaya darakta na share gumi. Dattawa har yau suna ba da labarin. Babban taron ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991 ƙarƙashin jagorancin Farfesa André Salifou, a rediyo talakawa suka bi shi kai tsaye, manomi na huɗa rediyo na rataye a reshe. Daga baya majalisar dokoki ta buɗe gidan rediyonta. Dokar ƙananan hukumomi ta Satumban 2010, wadda ta ce zaman majalisa a buɗe yake ga jama'a, da dokar 23 ga Fabrairun 2011 da ta bai wa ɗan ƙasa hakkin ganin takardun hukuma, duka biyun a mulkin soja na Janar Salou Djibo aka sa musu hannu. Saboda haka kaki bai taɓa zama hujjar rufe ƙofa ba a tarihinmu.

A waje ma akwai abin dubawa. A Amurka, kamfanonin da ke kai wa mutane talabijin ta waya suna karɓar kuɗin wata, su suka haɗa kuɗi suka kafa tashar C-SPAN, wadda ta fara nuna zaman majalisar wakilai a watan Maris 1979. Tsarinta mai sauƙi ne: a kafa kyamara, a bar ta tana kallo, ba sharhi, ba yanka, ba kiɗa. Jihohi suka ɗauka. A jihar Washington tashar TVW ta fara aiki a 1995, tana nuna zaman majalisar jiha da na kwamitoci da na kotun ƙoli. Ba kowa ke kallo ba, sau da yawa ma zaman na sa gyangyaɗi. Amfaninsa shi ne mai magana ya san ana iya jin sa, kuma abin da ya faɗa yana ajiye, ana iya fito da shi baɗi a gwada da aikinsa. Mu ba mu da irin waccan waya, gidajen da ke da wutar lantarki a karkara kaɗan ne, parabol sai mai hali. Amma muna da rediyo a kowane gida, muna da tashar jiha a Tawa, da tashoshi masu zaman kansu a Konni, da gidajen rediyon al'umma, da wayar salula a aljihun kowane saurayi. Kayan aikin suna nan, izini ya rage.

Na san abin da za a ce maka. Za a ce tsaro. Gaskiya ne ƙasa na cikin yaƙi, kuma babu mai hankalin da zai nemi a watsa zaman majalisar tsaro ko a faɗi inda soja ya kwana. A rufe wannan, mun yarda. Amma kuɗin tikitin kasuwa da ranar sakin gonaki ba su da abin da za su ƙara wa ɗan ta'adda. Hasali ma, ƴan ta'adda da maganar zalunci da rashin adalcin hukuma suke farautar matasa, kuma matashin da ya ji yadda aka raba hatsi a bainar jama'a ya fi wuyar ruɗi. Za a ce babu kuɗi. Makirufo biyu, waya ɗaya mai kyau, da kuɗin awa uku a gidan rediyo ba su kai abin da ake kashewa a rumfuna da lemo da man motocin rakiya a bikin buɗe taro guda ba. Za a ce mutane za su yi zagi in an buɗe layi. Ƴan jaridarmu sun daɗe suna gudanar da shirin kiran waya, sun san yadda ake katse mara kunya a bar mai tambaya. Za a ce ma'aikata za su ji nauyin magana. Na farko da na biyu ne masu wuya. Wanda ya san aikinsa zai saba, har ya riƙa ɗokin ranar. Wanda ya dage shi dai kada a kunna makirufo, to ka dube shi da kyau, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Saboda haka, ranka shi daɗe, cikin ladabi muke roƙon waɗannan abubuwa:

1. Ka umarci shugabannin gundumomin Konni, Malbaza da Illela su tabbatar an watsa zaman kasafin kuɗi da na bayanin abin da aka kashe, kai tsaye kuma dungum, a ƙananan hukumomi tara: Birnin Konni, Allela, Bazaga, Tsarnawa, Malbaza, Dogarawa, Illela, Badagishiri da Tajaye. In tara sun yi yawa a tashin farko, a fara da manyan garuruwan uku, a faɗi lokacin da sauran za su biyo.

2. A yi zaman da Hausa. Inda dole a karanta takarda da Faransanci, a fassara nan take, a faɗi kuɗi da lissafin da mutane suka sani. A biyo da taƙaitawa da Fulatanci da Tamajak.

3. Zaman tsayar da ranar sakin gonaki, na gunduma da na jiha, da zaman rabon hatsi mai rahusa da kayan agaji, da taron shirin noman rani, su shiga cikin abin da ake watsawa. A karanta sunayen ƙauyuka da adadin buhunan kowanne.

4. Ranar buɗe takardun masu neman kwangilar ƙaramar hukuma, a bar ƴan jarida su zauna har ƙarshe, a karanta sunan kowane mai nema da farashinsa.

5. Sau ɗaya a wata kowane kantoma ya zauna a gidan rediyo awa guda ya amsa kiran jama'a. Sau ɗaya a wata uku shugaban gunduma ya yi haka. Kai ma, in Allah ya ba ka iko, ka yi mana ko sau biyu a shekara. A ware wani ɓangare na lokacin ga mata, domin su ke ɗibar ruwa, su ke jinya, su ke zaman layin hatsi.

6. A sanar da ranar kowane zama da mako guda, ta rediyo da bakin sanƙira a kasuwa. A maimaita shirin bayan isha'i don waɗanda suka wuni a gona.

7. A ajiye sautin kowane zama a ofishin ƙaramar hukuma. Duk wanda ya zo da waya ko memori a tura masa kyauta, ba sai ya rubuta takardar roƙo ba.

8. Wakilan jihar nan a majalisar tuntuɓa ta ƙasa da aka ƙaddamar a watan Yunin 2025, in sun dawo daga zama a Yamai, su shiga rediyo su gaya mana abin da suka faɗa da sunanmu.

9. Ka isar da roƙonmu ga Ministan Sadarwa da shugabannin gidan talabijin na ƙasa, a ware wa kowace jiha wasu sa'o'i a mako na nuna zaman hukumominta ba tare da yanka ba. A kuma duba yadda kamfanonin waya da masu sayar da tashoshin parabol, waɗanda ke samun ciniki a wurinmu, za su ɗauki wani kaso na ɗawainiyar.

10. Ka sa wannan tsari a rubutacciyar doka ta jiha mai sa hannunka, don kada ya tafi ranar da aka yi maka canjin wurin aiki.

Bakwai na farko ba su buƙatar komai daga Yamai, takarda ɗaya daga teburinka ta isa. Muna roƙon ka ba mu amsa a fili kamar yadda muka yi tambaya a fili, ko da amsar ita ce wasu za su yiwu yanzu wasu sai gaba, muddin an gaya mana dalili.

In akwai kalmar da ta yi kaushi a wasiƙar nan, ka yi mini afuwa ta dattijo. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya yi maka jagora, ya haɗa ka da mashawarta na gari, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da jihar Tawa da Nijar baki ɗaya lafiya.



Naka mai biyayya,
Tsohon malamin makaranta kuma manomin albasa,
Birnin Konni, Jihar Tawa.